Haruffa Uku

Littafin girkin Nerina ya fi ni sanin hannunta.
Mai ya ɗiga a shafi na tara,
gari ya maƙale a tsakiya tun wata Kirsimeti
da na kasa tunawa.
Wata bakwai ke nan da muka kai ta makwanci
a bayan garin Guastalla.
Sai yau na iya buɗe shi.

Romon Lahadi: ƙashin sa, rabin tsohuwar kaza,
albasa guda da ɓawonta, karas biyu,
ruwan sanyi, gishiri daga baya.
Sai kalma ɗaya da ta ja wa layi:
sobbollire.
Ni kuwa tabarau na can kan firji,
na karanta bollire,
na ce ai wannan na sani.
Shekara talatin da huɗu ina aikin jirgin ƙasa,
wa zai koya mini tafasa?

Na murɗa gas har ƙarshe.
Tukunya ta shiga ɓararraka,
murfi na rawa kamar tarago a kan gada,
tagogi suka yi gumi,
na zauna ina jin kaina gwani.
Da na buɗe, sai ga kogin Po bayan ambaliya:
ruwa a dagule, launin toka,
nama ya tsuke ya yi tauri
kamar mai gaba da ni.

Ermelinda ta hawa na biyu ta biyo wari.
Wari ta ce, ba ta ce ƙamshi ba.
Ta shigo da silifas da sandarta,
ta leƙa, ta ja tsaki.
"Osvaldo, ka haɗiye haruffa uku."
Ta ɗora yatsa a shafin: s, o, b.
"Bollire na taliya ne,
ruwa ya haukace, a zuba, a tsame, a wuce wurin.
Wannan kuwa bakin ƙofar tafasa ne,
a tsaya nan, ba a shiga.
Rage wuta har ta koma kamar farcen jariri.
Kumfa ɗaya ta taso daga gindi,
ta fashe,
ka ƙirga uku, wata ta biyo ta.
In sun zo a guje, ka zarce.
In sun daina zuwa, ka kashe ta."

Na ce duk ai ruwan zafi ne.
Ta ce raɗa da ihu ma duk baki ne.

Washegari na koma wajen Tullio mahauci.
Ya dubi fuskata, ya naɗe ƙashi,
bai tambaye ni ina na jiya ba.

Awa huɗu ina tsaye da ludayi,
ina yaɗe kumfa sannu, kamar mai share wa yaro majina.
An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse,
ba wanda ya ce da wuta mai yawa.
Ƙafata ta yi tsami.
Ƙararrawar coci ta buga goma, ta buga sha ɗaya.
Sai na tuna bayanta a daidai wurin nan,
igiyar rigar girki a ɗaure, kai a sunkuye,
ni ina falo da jaridar ƙwallo
ina ɗaga murya: har yanzu bai nuna ba?
Na ɗauka tsayuwa kawai take yi.
Ashe ƙirga take.
Ɗaya.
Biyu.
Uku.

Da azahar romon ya fito garau,
har ina hango shuɗin furen da ke gindin kwano,
wanda bakinsa ya ɓantare tun shekarar aurenmu.

Ilaria ta iso daga Parma da yaranta.
Ta kurɓa, ta yi shiru,
ta sake kurɓa, ta dubi tukunya, ba ta dube ni ba.
Can ta goge ido da bayan hannu.
"Baba," in ji ta,
"ka manta gishiri."